Ranar da Suka Fara Yi wa Dakta Tahani Kirki

A Iskandariyya, in ka ga danginka sun tashi haka kawai sun fara yi maka kirki, to ka nemi wuri ka zauna. Dakta Tahani Shalabi ta san wannan tun tana 'yar makaranta. Shi ya sa ranar Juma'ar da ƙaninta Rifa'at ya zagayo ya buɗe mata ƙofar gaba ta motarsa, ya ce, "Shigo nan, Abla, baya akwai zafi," sai ta san akwai magana.

Abla ake kiran babbar yaya, amma a bakin Rifa'at kalmar ba ta taɓa fitowa ita kaɗai ba. "Abla mai gam" yake ce mata. Shi tayil yake sayarwa a unguwar Muharram Bek, kuma tun da ya ji an ce aikinta shi ne binciken abin da ke manne ƙwayoyin jiki da juna, ya samu abin tsokana na har abada.

"Sana'armu ɗaya da ke," yakan ce a gaban baƙi. "Ni dai nawa gam ɗin a buhu yake zuwa, ana ganinsa. Ita shekara talatin ke nan tana leƙen nata, ko tayil ɗaya bai taɓa riƙewa ba."

Ita kuma takan tambaye shi ko ya gyara banɗakin gidansa, wanda tayil ɗinsa ya karkace tun ranar da aka ɗaura masa aure. Haka suke, daga mota har teburin abinci. Kujerar gaba kuwa kullum samfurin tayil ne a kanta, ita a baya take zama kamar kaya.

Mahaifinsu direban tarago ne, ɗan jirgin ƙasan nan da ke yawo a cikin gari. Tahani tana shekarar farko a jami'a ya fara ture kwano bayan loma kaɗan, yana cewa ya ƙoshi. Likita ya duba shi, ya yi masa murmushi, sannan ya yafito kawunsu zuwa baranda. Haka ake yi. Mara lafiya ba ya jin sunan ciwonsa, babban namiji a gidan ake kira gefe a gaya wa, shi ma ba a faɗar sunan, sai dai a ce "wancan ciwon, Allah ya nisanta mu." Aka dawo aka ce wa tsohon gyambon ciki ne. Daga ranar kowa ya zama mutumin kirki. Matarsa ta daina yi masa faɗan taba. Maƙwabcin da suka yi shekaru suna rigima kan igiyar shanya ya kawo lemo. Ya rasu yana tambayar wane irin gyambo ne wannan mai taurin kai. Bayan shekaru ƙanwarsu Su'ad ta bi ta hanya ɗaya, da gyambo ɗaya, da murmushi ɗaya. A wannan karon har da Tahani a cikin masu murmushin, don haka ta san shi ciki da waje.

Tsakanin rasuwar biyu ta tafi karatu ƙasar sanyi, ta dawo da kwat mai nauyi da ba ta ƙara sawa ba, da tambaya guda da ta ƙi barinta: me ya sa mutum ba ya wargajewa? An ba ta ɗakin bincike a jami'a, a hawa na uku, tagarsa tana kallon teku, gishirin iska yana cin ƙarfen duk abin da ta saya. A nan ta tsufa.

Ɗalibanta har yau suna kwaikwayon yadda take bayani. Jikin mutum, in ji ta, taragon safe ne. Kowace ƙwayar jiki tana riƙe da rigar ta kusa da ita, shi ya sa in tarago ya yi kwana ba wanda ke faɗowa. Hannun da ake riƙon da shi wani sinadari ne mai suna kadirin. In aka yanko ɗan nama siriri, aka ɗora a gilashi, aka zuba masa rini, kadirin yakan fito ruwan ƙasa, ya zagaye kowace ƙwaya kamar ragar masunta. Inda raga take, lafiya. Inda ta ɓace, ƙwayoyi sun saki juna, kowace ta kama gabanta, kuma ƙwayar da ta koyi tafiya ita kaɗai ba ta tsayawa inda aka haife ta.

Akwai gidajen da ake gadon raunin wannan hannu kamar yadda ake gadon hanci. A cikinsu kansar tumbi ba ta yin ƙulli balle a gan ta. Bazuwa take yi ƙwaya-ƙwaya a ƙarƙashin fata, kamar rairayi a cikin shinkafa, sai ta gama aiki ake sani. Dakta Tahani ta yi shekaru tana bin ƙauyukan bakin kogi da akwatin ƙanƙara, tana shan shayin da sukari ya fi ruwa yawa, tana tambayar tsofaffi wa da wa gyambo ya kashe a gidan. Ta ɗebi jini, ta gano gidaje. Matasa da dama an cire musu tumbi tun abin bai yi nisa ba, suka rayu, suka yi aure. A garin Damanhur akwai yarinyar da aka sa wa suna Tahani saboda haka, kuma duk Sallah uban yakan aiko da agwagwa mai rai, ta kwana a bahon wanka tana ihu.

Jini ɗaya ne ba ta taɓa sawa a na'ura ba: nata. In wani ɗalibi mai ƙarfin hali ya tambaya, sai ta ce layi ya yi tsawo, ko kayan gwaji sun yi tsada, ko kuma ta tambaye shi ina aikin da ta ba shi. Ba a tambaya sau biyu.

To a bazarar nan ita ma ta fara ture kwano. Ta ɗora wa zafi laifi, ta ɗora wa mai ful na ƙasan bene, mai sayar da dafaffen wake, laifi. Da siket ya fara juyawa a ƙugunta sai ta je aka zura mata bututu mai kyamara ta maƙogwaro, aka tsakuro nama nan da can. Da yake ana sa mutum barci, dole a zo da ɗan rakiya, kuma Rifa'at ne ya zauna a waje yana mita an hana shi buɗe shago. Naman ya tafi wurin Dakta Fayiz, tsohon ɗalibinta, wanda yanzu shi ke shugabantar ɗakin duba nama a asibitin, da furfura da tumbi, amma har yau in ya ji muryarta a waya miƙewa yake.

Shi ya kira ta. "Malama, albishir. Gyambo ne, ɗan ƙarami. Likitan tiyata dai yana so ya gan ki, ɗan gyara zai yi."

Ta ce ta gode. Ta ajiye wayar a hankali, kamar mai ajiye ƙwai. Ta gaya wa kanta ai gyambo na gaskiya ma yana nan a duniya, mutane suna yin sa, wani lokaci likita in ya ce gyambo, gyambon yake nufi. Da wannan ta lallaɓa har Juma'a. Sai ga ƙofar gaba a buɗe, an kwashe tayil, har an goge kujera.

A hanya ta gwada shi.

"Wannan motar taka ƙamshin kifi take yi."

"Gaskiyarki, Abla. Zan kai wanki."

"Kuma tuƙinka bai canja ba, kamar mai gudun bashi."

"Bari in rage."

Ya rage. Mutumin da ya taɓa tsayawa a tsakiyar titin bakin teku don ya rantse mata cewa shi ya fi kowa iya tuƙi a Masar. Ta juya tana kallon ruwa, hannunta a kan cikinta.

A gida abin ya fi muni. Nagat, matar Rifa'at, mace ce mai hannun barkono, wadda ta yi imani duk wanda bai yi gumi a teburinta ba bai ci abinci ba. Ranar nan miyar mulukiyya, wato lalo, ta zo lami, shinkafa ta dahu luɓus kamar ta jariri. Tsokar tsakiyar kifi, wadda tun da aka kafa gidan Rifa'at ke cinyewa, ita aka ɗora a farantin Tahani, an cire ƙaya ɗaya bayan ɗaya. 'Yan matan gidan biyu, waɗanda kullum idonsu ke kan waya, suka zauna suna tambayar Gwaggo labarin ƙasar sanyi. Wani ya sa mata matashi a baya, ba ta ga ko wane ne ba.

"Nagat, ina barkono?"

"Ya ƙare, 'yar'uwa."

"A gidanki?"

Nagat ta yi dariya, dariyar ta yi tsawo, sannan ta tuna ta bar wani abu a wuta. Daga kicin aka ji famfo yana zuba, ya daɗe yana zuba.

Tahani ta dubi fuskokin da ke kewaye da ita. Murmushin nan ne, bai tsufa ba ko kaɗan. Leɓe a buɗe, ido yana kallon goshinka maimakon idonka. Ta tuna Su'ad a kan wannan kujerar, da matashi a baya. Abin da ya fi tsorata ta shi ne ta ji wani sashe na zuciyarta yana so ya yarda. A ce gyambo, a ci kifi, a jingina da matashi. Ashe daɗi ne da shi. Ashe shi ya sa mahaifinsu, mutum mai wayo, bai taɓa matsa tambaya ba.

Ranar Lahadi da hantsi ta shiga asibitin ta ƙofar ma'aikata. Fayiz yana cin burodi da cuku a ofis, da ganinta ya miƙe, ya rasa inda zai ajiye burodin, ya sa a aljihun farar riga.

"Malama, da kin kira ai da na zo."

"Kawo gilashina in gani."

"Yana... an kai ajiya. Mai makullin ya fita."

"Fayiz, tun kana ɗalibi in za ka yi ƙarya kunnenka ke ja. Ga shi nan kamar tumatir."

Ya shafa kunnen. "Malama, don Allah. Likita ba ya duba namansa. Ke kika koya mana, in ido ya san mai nama, abin da zuciya ke so yake gani."

Gaskiya ne, ita ta koya musu. A ɗakinta na hawa na uku ba a duba gilashi da suna. Wani ne zai rufe sunaye, ya cakuɗa na masu ciwo da na masu lafiya, ya miƙo, kai kuma ka faɗi abin da ka gani kafin a gaya maka na wane ne. Ta kori ɗalibai daga ɗaki saboda leƙen suna.

"Madalla," ta ce. "To mu yi yadda na koya maka. Rufe sunaye. Zuba nawa cikin na mutanen makon nan, ka kawo farantin."

Mutum zai iya yi wa malamarsa ƙarya a waya, amma ƙin bin dokar ɗakinta wani abu ne daban. Ya fita yana jan ƙafa. Ta zauna gaban madubin duba ƙwayoyi, ta cire tabarau.

Ya dawo da faranti, gilasai a jere, kowanne da farar takarda manne a kan suna.

Na farko raga ce cikakkiya, ruwan ƙasa, kowace ƙwaya riƙe da 'yar'uwarta. "Lafiya lau. Ya rage kofi." Ta so ƙwarai a ce nata ne. Na biyu gyambo ne na gaskiya, mai kumburi a baki, har ta ji tana yi wa mai shi hassada. Na uku lafiya. Duk gilashin da ta ɗauka sai ta ɗan jinkirta kafin ta sa ido, kamar mai taɓa ruwan wanka da yatsa. Fayiz yana tsaye a bayanta, numfashinsa yana ƙara.

Sai ta sa wani, ta juya maɓalli, hoton ya fito. Babu raga. Duk inda ta matsa, ƙwayoyi ne fari fat, kowace ita kaɗai, kumburarru, cibiyarsu ta koma gefe kamar dutsen zobe. Sun cika sama, sun nutse ƙasa, har iyakar inda aka yanko naman suna nan. Ta san wannan hoton. Shi ta gani a naman Su'ad, bayan an yi sadakar arba'in.

"Wannan ya yi nisa," ta ce, muryar kamar ta wata. Ta ajiye shi gefe, shi kaɗai.

Ta ci gaba, don doka ce a gama faranti. Lafiya. Gyambo. Sai kusa da ƙarshe ta sa wani da ya fara da kyau, raga ko'ina, har ta kai hannu za ta cire. Wani abu ya sa ta koma kusurwa. A can, daf da sama, raga ta yage kaɗan, kamar inda ɓera ya taɓa buhu. A cikin yagewar 'yan zobba ne, ba su da yawa, suna zaune tsit. Ba su nutse ba tukuna.

"Wannan kuma an kama shi a bakin ƙofa. A cire tumbin duka, kada a tsaya gyara. Zai rayu. A gwada jinin 'yan'uwansa da 'ya'yansu, irin na gado ne." Ta ajiye shi kusa da wancan.

Gilasai biyu a kan tebur, girmansu ɗaya, farar takardarsu ɗaya. Ta mayar da tabarau. A waje tarago ya wuce yana kaɗa ƙararrawa.

"Nawa yana cikin farantin can, ko yana nan?"

Fayiz ya dubi ƙasa. "Yana nan, Malama."

"Wanne?"

Ya kawar da kai. Mutumin nan ya rubuta sunan ciwon nan a takarda sau dubbai, amma bai taɓa faɗarsa a fuskar mai shi ba, balle wadda ta koya masa riƙe gilashi.

"To kada ka faɗa. Turo min shi da yatsa."

Hannunsa ya taso. Ta bi yatsan da ido yana tafiya a kan tebur, kuma ta rantse daga baya cewa ya fi taragon unguwar Ramla jinkiri. Ya wuce ta saman na farko. Ya sauka a kan na biyu, ya turo.

Ba murna ta ji ba, tumbi guda ake magana, da wuƙa, da watanni na koyon cin abinci kamar ɗan yaye. Amma ƙasa ta dawo ƙarƙashin ƙafarta. Ta taɓa ɗayan gilashin da farce.

"Mai wannan fa, me aka ce masa?"

"Gyambo."

Ta gyaɗa kai. "Cire burodin nan daga aljihunka, mai ya ɓata rigar."

Juma'ar da ta biyo ta bari sai da aka zuba abinci, aka sa mata matashi, aka ɗora mata tsokar kifi. Sannan ta ajiye cokali.

"Kansa ce da ni," ta ce. "Ta tumbi. Ita ta kashe Baba, ita ta kashe Su'ad."

Nagat ta yi saurin tofawa a wuyan rigarta, ta ce Allah ya nisanta mu. Cokalin Rifa'at ya tsaya a hanya, miya tana ɗiga a kan rigarsa ta Juma'a.

"Abla, wa ya gaya miki wannan magana? Fayiz ya ce..."

"Kai ka gaya min. Ka buɗe min ƙofar mota. Tawa an kama ta da wuri, za a cire, zan rayu in ci gaba da ganin karkataccen banɗakinka. Amma gado ce, Rifa'at. Da na tafi a kan gyambo, da ba wanda zai duba ka. Gobe za ka zo a ɗebi jininka. In an samu a naka, sai na yaran nan."

Ya dubi 'ya'yansa, ya dubi farantinsa. Fuskarsa ta yi fari kamar tayil ɗin asibiti.

"Ni lafiyata ƙalau. Dubi yadda nake ci."

"Na gani. Duk unguwa ta gani."

"Allura kuma ba ta karɓe ni ba, kin sani."

"Ƙarfe tara."

Ya murza burodi har ya zama gari. Can ya ce, a hankali, "To in abin ya fito ba daɗi, Abla, ki ce min gyambo ne."

"Ba zan ce ba. Sunansa zan faɗa maka, a zaune, kana kallona." Ta ɗauki tsokar kifin ta mayar farantinsa. "Kuma a kawo barkono. Saura min 'yan makonni da tumbin nan, ba zan ƙare su da abincin jarirai ba."

An yi aikin kafin sanyi ya shigo. Ta fito ta rame kamar sandar rake, tana cin abinci a ɗan farantin kofi, kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini. Gwajin jinin Rifa'at kuwa ya ɗauki lokaci, kuma a duk tsawon lokacin nan mutumin bai san kwanciyar hankali ba. Ko da ta yi alkawarin faɗa masa ƙiri-ƙiri, jinin garin ne a jikinsa, fuska yake karantawa. In ta ce masa sannu da aiki sai ya dafa bango. Ranar da ta ce rigarsa ta yi kyau bai iya cin abincin rana ba, sai da ta rantse masa rigar ce kawai, kuma da ta sake dubawa ma ba ta yi kyan ba.

Wata Juma'a ya zo ɗaukarta, ya tarar da ita a ƙofar bene tana jira, abin da ba ta saba ba. Ya kashe mota. Ya fito ya tsaya, makulli a hannunsa, yana neman murmushin nan a fuskarta.

Ta leƙa ta taga. Tayil ya koma kujerar gaba.

"Kai dai ba za ka taɓa yin hankali ba," ta ce. "Mace ta fito daga tiyata ka ajiye ta a baya kamar buhun siminti. Babu komai a jininka, sakamako ya fito jiya. Yaranka ma sun huta. Abin da ke damunka ci ne kawai."

Rifa'at ya zauna a bakin titi, a kan rigarsa ta Juma'a, ya rufe fuska da hannu biyu. Kafaɗunsa suna rawa. Mai ful ya leƙo, ya koma. Ta bar shi ya gama, tana tsaye, jaka a hannu.

Da ya miƙe ya share ido da hannun riga, ya buɗe ƙofar baya.

"Shiga, Abla mai gam. Ki yi hankali da kwalin nan, kayan mutane ne."